Batirin da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Fasinja



Duk direban da motarsa ta taɓa ƙin tashi da sassafe ya san abin da hannu ke fara yi tun kafin kai ya yi tunani: a ɗaga boneti, a leƙa batir, a ɗan ƙwanƙwasa kawunansa da sifana, a koma a sake murɗa makulli. To akwai motar da idan aka yi mata haka, mutum zai ƙare wa injin kallo, ya zagaya dama, ya zagaya hagu, ya ga lagireto, ya ga kafireto, ya ga fulogi shida a jere, amma bai ga batir ba. Ba sace shi aka yi ba. Yana nan daram, a wurin da maƙeran motar suka ajiye shi fiye da shekara 70 da suka wuce, wato a ƙarƙashin daɓen da fasinja ke ɗora ƙafa.

Motar da ake magana a kanta ita ce a-kori-kurar Chevrolet da kamfanin General Motors na Amurka ya ƙera daga 1947 zuwa farkon 1955, zubin da kamfanin ya raɗa wa suna Advance Design. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun motocin Amurka sun koma ƙera kayan soja, kuma bayan an tsagaita wuta sai suka ci gaba da fitar da tsohon yayi na kafin yaƙi. Wannan a-kori-kura ce sabon zubi na farko da General Motors ya fitar bayan yaƙin, a watan Yunin 1947, tun kafin ya sabunta ƙananan motocinsa na hawa. Manoma da 'yan kwangila da masu shaguna suka yi mata caa. Akwai mai lamba 3100 da ke ɗaukar rabin tan, da 3600 mai kashi uku cikin huɗu na tan, da 3800 mai tan guda. Injinta silinda 6 ne a jere, har zubin 1953 girmansa kimanin lita 3.5 ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 90 da 'yan kai ba. Daɓen bayanta katako ne. Ba a tada ta da makulli kawai: direba zai murɗa makulli ya kunna wuta, sannan ya taka wani ƙarfe da ke gefen totur, shi ne ke tura sitata ta cafki injin.

Har yau dubban waɗannan motoci na raye a Amurka. Wasu sun sha fenti suna ƙyalli ana kai su bajekoli, wasu kuwa na nan a rumfunan gonakin jihohi irin su Kansas da Nebraska, kaji na kwana a kansu, har ranar da jika zai gaji gonar ya ce bari ya ga ko motar kaka za ta tashi. A ranar ce yake gano cewa ilimin da kowane yaron gareji ya sani a 1950 ya zama abin tambaya.

Tsarin ɗakin direban wannan mota abin a tsaya a duba ne. Daga 1949 tankin mai ya dawo cikin ɗakin, a tsaye a bayan kujera. Tukunyar man birki tana ƙarƙashin ƙafar direba, ta wata 'yar kafa a daɓe ake zuba mata mai. Batir kuma yana ƙarƙashin ƙafar fasinja. Wato mutum na zaune, fetur a bayansa, asid a ƙasansa, ga shi kuma zamanin da kusan kowane direba da taba a bakinsa. Injiniyan yau da zai kawo wannan zane, da wuya ya kai la'asar a bakin aikinsa.

Amma mutanen wancan zamani ba wawaye ba ne, kuma wurin da suka zaɓa yana da hujja. A wannan inji, bututun hayaƙi yana ɓangaren direba, sitata kuma tana ɓangaren fasinja, can ƙasa kusa da giya. Batirin da aka ɗora a kan shasi daidai ƙarƙashin fasinja ya yi nesa da zafin salansa, ya kuma yi kusa da sitata, ta yadda wayar da za ta haɗa su ba za ta yi tsawo ba. Zafi shi ne babban abokin gābar batir, yana ƙafar da ruwansa yana cinye farantan cikinsa, kuma duk mai mota a Sakkwato ko Maiduguri shaida ne. Gajartar waya kuwa, a motar da wutarta bolt 6 ce kacal, magana ce babba da za a dawo kanta. Ba Chevrolet kaɗai ya yi wannan dabara ba. Ford Model A ta 1928 zuwa 1931 a ƙarƙashin ƙafar direba ta ɓoye nata, haka kuma a-kori-kurar Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956 a ƙarƙashin daɓen fasinja. Waɗanda suka tuƙa Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, sun san sai an ɗaga kujerar baya ake ganin batirinta, masu Land Rover Defender kuma sun san nasu yana ƙarƙashin kujerar gaba.

Abin da dabarar ta jawo shi ne mantuwa. Batirin wancan zamani mai shan ruwa ne, yana son a riƙa buɗe marfinsa guda 3 ana dubawa a kai a kai. Wanda ke ƙarƙashin boneti, duk mai duba baƙin mai zai gan shi. Wanda ke ƙarƙashin daɓe kuwa sai ranar da ya mutu ake tuna shi. Ga taɓo da ruwan hanya da tayar gaba ke watso masa, ga gishirin da ake barbaɗawa a titunan arewacin Amurka lokacin dusar ƙanƙara.

To yaya ake kai wa gare shi? A buɗe ƙofar fasinja, a naɗe shimfiɗar robar da ke daɓe. Idan ta asali ce, a bi ta a hankali, domin robar da ta shekara 70 ba ta lanƙwasuwa, karyewa take yi. A ƙarƙashinta akwai wani murfin ƙarfe mai kusurwa huɗu. A saki abin da ke riƙe da shi, a ɗaga. Sau da yawa tsatsa da busasshen taɓo sun manne shi, sai an zagaya bakinsa da sukudireba. Da an ɗaga, abin da ido zai fara gani ba ya da daɗin kallo: wani gari fari-fari mai ratsin kore ya tsiro a kan kawunan batir, ƙarfen da ke danne shi ya ci tsatsa har ya zama siriri, a kusurwa kuma wataƙila ɓera ya tara ciyawa da audugar kujera ya yi gida. Ta gefen batirin ana hango ƙasa.

Kafin hannu ya shiga ramin nan, a cire zobe, a cire agogon ƙarfe, a sa tabarau mai kare ido, a bar ƙofofi biyu a buɗe. Wasu na raina batir mai bolt 6 suna ganin ƙaramin alhaki ne. Gaskiya ne ba ya jan mutum, amma idan ƙarfe ya haɗa kansa da jikin mota, wutar da zai tura tana iya mai da zobe ja wur a yatsa cikin ƙiftawar ido. Batirin da aka yi wa caji kuma yana fitar da iskar haidirojin, wadda tartsatsi ɗaya ya ishe ta. A ƙarƙashin boneti mutum na iya ja da baya. A nan kuwa yana durƙushe a kan matakala, fuskarsa na daidai saman ramin, ƙarfe ya kewaye sifanarsa ta kowace fuska.

Nan ne aka zo ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci: wace waya ake fara kwancewa? Duk yaron da ya yi wata uku a wurin mai gyaran wutar mota zai amsa da sauri ya ce negetif. Amsar ta yi daidai a motocin yau, ta kuma yi daidai a wannan Chevrolet, amma ba don sunanta negetif ba. Ƙa'idar ita ce a fara cire wayar da ke ɗaure da jikin mota, a kuma mayar da ita a ƙarshe. Da zarar an cire ta, ko sifana ta goga ƙarfe yayin kwance ɗayar, babu abin da zai faru, domin hanyar wuta ta yanke. A Chevrolet, negetif ce ke ɗaure da jiki. A motocin Ford da Dodge masu bolt 6 na wancan zamani, fozitif ce. Abin da ya fi rikitarwa shi ne GMC, 'yar'uwar Chevrolet ta ciki ɗaya, kamfani ɗaya, ɗakin direba iri ɗaya, ramin batir a wuri ɗaya, amma ita fozitif ce ke ɗaure da jikinta. Mutum biyu na iya ajiye motocinsu gefe da gefe, daga nesa sun yi kama da juna sosai, amma wayoyin batirinsu a juye suke.

Saboda haka kada a dogara da launin waya. A motar da ta ratsa hannun mutum goma, ja da baƙi ba sa nufin komai, wani ya sa abin da ya samu ne. A bi wayar da ido da hannu a ga inda ta ƙare: wadda ta tafi sitata, da wadda aka ɗaure a shasi ko jikin inji, galibi saƙaƙƙiya ce mai faɗi marar riga. A duba kan batirin kuma: na fozitif ya ɗan fi na negetif kauri, ko da alamar ta goge. Sannan a ɗauki hoto da wayar hannu kafin a taɓa komai.

Wani zai ce ai idan aka juya batir mota ba za ta tashi ba, nan take za a gane. A motar yau haka ne, har ma da asarar altaneta da kwamfutar mota. Tsohuwar a-kori-kura kuwa ba ta tona asirin mai kuskure da wuri. Sitatarta tana juyawa gefe guda ko ta ina wuta ta shigo, ƙwan fitila bai damu ba, injin zai tashi. Alamar da za a gani ita ce allurar caji da ke gaban direba tana nuna akasin gaskiya: a kunna fitila ta karkata wajen caji maimakon wajen zuƙa. Wanda bai lura ba zai yi ta yawo, tartsatsin fulogi ya raunana, regileta mai daidaita caji na cin wuya, har wata rana ta ƙone a hanya.

Kawunan da suka daɗe ba a taɓa ba sukan ƙi fita. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa sukudireba a banƙara, ko a kama da filaya a yi ta murɗawa. Kan batir dalma ce mai laushi, kuma a tsofaffin batura masu baƙin akwatin roba da aka liƙe samansu da kwalta, banƙara na iya tumɓuke kan gaba ɗaya ko ta tsaga murfin. A sassauta notin, a buɗa bakin maƙalin kaɗan, idan akwai ɗan abin zare kan batir mai ƙugiya biyu a yi amfani da shi. Garin da ya taru kuwa, ruwan ɗumi da hodar soda ta yin burodi ke kashe shi, za a ga yana kumfa. Kanwa ma danginta ce, aiki ɗaya suke yi wa asid. A dai tabbata marafen batirin a rufe suke, kada ruwan ya shiga ciki.

Sai fito da shi. Batirin wannan mota, wanda masu sayarwa a Amurka ke kira Group 1, tsawonsa kimanin santimita 23 ne, faɗinsa 18, tsayinsa 24, nauyinsa kuma ya kai kilo 15 ko fiye. Ramin bai fi shi girma da yawa ba, babu inda yatsu za su shiga su tallafo shi ta ƙasa, kuma da yawa ba su da mariƙi. Aikin ya zama tamkar jawo cikakken guga daga rijiya mai ƙaramin baki: dole ya fito a miƙe, idan ya karkata ya maƙale, ruwan kuma ya zubo, sai dai wannan ruwan yana huda wando. Makanikan wancan zamani suna da wata ɗamara mai ƙarfe a bakinta biyu da ke cafke kawunan batir, a ɗaga da hannu ɗaya. Har yau ana sayar da ita, amma ga batirin da ya tsufa ya kumbura, wadda ke matse akwatin ta gefe ta fi aminci. A shimfiɗa tsumma ko kwali a kan matakala da bakin ƙofa, domin ɗigo ɗaya na asid ya isa ya ɓata fentin da aka kashe wa dukiya.

Ramin da babu kowa a ciki shi ke faɗin gaskiyar motar. Tiren da batir ke zama a kai yana maƙale ne da shasi, kuma shekara da shekaru asid na ɗiga masa daga sama, ruwa na dukansa daga ƙasa. A sa sukudireba a caka. Idan ta wuce, tiren ya gama aiki. Ba a ɗora sabon batir a kan tsatsa, domin a nan babu abin da ke ƙarƙashinsa sai kwalta: ranar da tiren ya ɓalle a kan gargada, wayoyi ne kawai za su riƙe batirin, yana lilo a kusa da ƙasa. Akwai kamfanoni a Amurka da sana'arsu ke nan, ƙera sababbin kayan waɗannan tsofaffin motoci, daga tire da murfi har ƙarfen dannewa, mai walda kuma na iya ƙera shi. Ƙarfen dannewar nan ba ado ba ne. Batirin da ba a ɗaure ba yana tsalle, murfin da ke samansa kuma ƙarfe ne. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a sayen batirin da ya fi na asali tsayi, ko da ya fi arha. Masu Beetle da dama sun ga hayaƙi na tashi daga kujerar baya bayan wani mai jiki ya zauna, wayoyin kujerar sun sauka a kan kawunan batirin da aka bari babu murfi.

Batir mai bolt 6 bai ɓace daga kasuwa ba, domin tsofaffin taraktoci na amfani da shi, shagunan kayan gona ma na ajiye shi. Ɗakuna 3 gare shi, kowanne na ba da bolt 2.1, saboda haka cikakkensa zai nuna kimanin 6.3 a mita. Asalin fasahar kuwa ta Bafaranshe Gaston Planté ce tun 1859, dalma da asid, ba ta canza zani ba. Akwai na zamani da aka rufe ruf ba a ƙara masa ruwa, irin wanda kamfanin Optima ke yi, kuma a ramin da ake mantawa da shi wannan ba ƙaramin alheri ba ne, sai dai siffarsa ta bambanta, sai an yi masa mazauni. A cika sabon batir da caji kafin a sa shi, kada a bar wa dainamon motar wannan aiki.

Yanzu ga inda mai wannan sharhi yake ganin ana zaluntar tsohuwar mota. An sa sabon batir, an taka sitata, sai injin ya juya da ƙyar, yana nishi. Nan take sai a yanke hukunci: bolt 6 ba ta da ƙarfi, dama haka motocin da suke. Wannan ƙazafi ne. Motocin nan sun tashi a sanyin jihohin Dakota da Minnesota shekara da shekaru, manomi bai yi sammako yana turi kullum ba. Laifin galibi na waya ne. Lissafin a bayyane yake: don a sami ƙarfi iri ɗaya, inji mai bolt 6 na bukatar ninki biyu na yawan wutar da mai bolt 12 ke ja, kuma sitata na zuƙar amfiya ɗaruruwa. Wayar da ta dace da wannan mota kaurinta ya kusa na babban yatsa, lamba 0 ko 00 a ma'aunin Amurka. Wadda ke rataye a shagon kayan mota a yau, lamba 4 ko makamanciyarta, an yi ta ne don bolt 12. A waje tana iya yin kauri saboda rigar roba, amma jan ƙarfen da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Wani ya sa ta shekara 30 da suka wuce, tun daga ranar motar ke nishi, kowa na zagin batir.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. A taka sitata na 'yan daƙiƙoƙi, a taɓa wayar da mahaɗanta. Duk inda ya yi zafi, nan wuta ke maƙalewa. Mahaɗin da ya fi ɓoye laifi shi ne inda wayar jiki ta haɗu da shasi, musamman a motar da aka yi wa sabon fenti, domin mai fenti ya shafe wurin tas, fenti kuma ba ya wuce wuta. A kwance, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa giris a kai. Idan an ƙara wata waya daga shasi zuwa jikin inji kusa da sitata, ya fi. Motar bolt 12 na iya asarar rabin bolt a hanya ba ta ji ba. A motar bolt 6, rabin bolt ɗin nan shi ne tsakanin tashi da ƙin tashi, domin kwayil ma daga wannan ɗan abin da sitata ta rage yake samun na tartsatsi.

Da an zaunar da batir an ɗaure shi, wayar sitata ake fara sawa, ta jiki a ƙarshe. Saura mataki ɗaya da matasan makanikai da yawa ba su taɓa ji ba. Wannan mota ba ta da altaneta, dainamo gare ta, shi kuma yana dogara ne da ɗan maganaɗisun da ya rage a ƙarfensa don ya san ta wace fuska zai tura wuta. Idan motar ta daɗe a ajiye, ko an kwance wayoyin dainamo ko na regileta, ko an taɓa juya batir, sai an tuna masa. A tsarin Delco-Remy da ke kan Chevrolet, kafin a tada inji ana ɗaukar guntuwar waya a taɓa ƙafar regileta mai rubutun BAT da mai rubutun GEN, taɓi ɗaya kamar ƙiftawa, a ga ɗan tartsatsi, shi ke nan. Tsarin Ford daban yake, kuma wanda ya yi masa irin na Chevrolet na iya ƙona regileta. Littafin motar shi ne alƙali a nan. Bayan injin ya tashi, a ɗan taka totur, allura ta karkata wajen caji, mita kuma ta nuna bolt 7 da ɗoriya a kan batir.

Dainamo na da wani halin kirki da altaneta ba ta da shi: ko batir ya mutu murus, idan aka sami gangara ko majiya ƙarfi suka tura motar ta yi gudu sosai, yana iya haifar da wutar da za ta tada injin.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da masu gajen haƙuri ke bi. Ta farko, a sa batir mai bolt 8. Sitata za ta yi sauri, gaskiya ne, amma ƙwayayen fitila za su riƙa ƙonewa, kuma idan ba a sake saita regileta ba batirin ba zai taɓa cika ba. An rufe ciwon ne kawai, siririyar wayar na nan. Ta biyu, a jona motar da batirin wata mota ta zamani mai bolt 12 don a tada ta. Mutane na yi suna tsira, wasu kuma batirin ya fashe musu, ko allurar mai da rediyo su tafi. A motar da sai an sunkuya cikin rami ake maƙala wayar, ga tankin fetur a bayan kujera, wannan caca ce da ba ta cancanta ba.

Mayar da motar gaba ɗaya bolt 12 kuwa magana ce ta daban, kuma ba aibu ba ce. Masana'antar da kanta can ta nufa: wasu motocin General Motors sun koma bolt 12 a 1953, Chevrolet a 1955, Ford a 1956, Volkswagen ta jinkirta har zubin 1967. Injuna ne suka ƙara matsi, kayan wuta suka ƙaru. A-kori-kurar da ta gaji wannan a 1955, mai suna Task Force, da bolt 12 ta zo, batirinta kuma ya koma ƙarƙashin boneti. Wanda ke son hawa motarsa kullum, ya sa mata fitila mai haske da abin cajin waya, yana da hujja. Sai dai aikin ya wuce sauya batir: altaneta, ƙwayaye duka, kwayil ko abin rage masa wuta, abin kare allurar mai, injin hita. Wayoyin asali kam sun isa har sun yi yawa, in dai rigarsu ta zare ba ta ruɓe ba. Abin da bai dace ba shi ne a yi duk wannan ɗawainiya don magance cutar da sanfefa da waya mai kauri za su warkar da rana ɗaya.

Tsohon batirin da aka fitar ba na jefarwa bayan gida ba ne. A Amurka mai shago na ƙara wani kuɗi a kan farashin sabo, sai an kawo masa tsohon ya mayar, shi ya sa kusan duk baturan dalma a ƙasar ke komawa masana'anta a narke su. Inda ake fasa su da gatari a tsakar gida kuwa, an ga abin da ya biyo baya. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin ƙarshen 2007 da 2008 sakamakon gubar dalmar da ta fito daga fasa tsofaffin batura. Mutanen Zamfara sun san wannan guba tun 2010, ko da yake tasu daga dutsen zinariya ta fito.

Yawancin waɗannan motoci yanzu ba sa aikin gona, fitarsu sai ranar hutu, lokacin sanyi kuma a rufe su wata huɗu ko biyar. Zaman nan ya fi tafiya kashe batir. Yana tsiyayewa da kansa a hankali, farantansa su yi ɓawon da caji ba ya narkarwa, kuma batirin da ya sauka ruwansa na iya daskarewa ya fasa akwatin, alhali cikakke na jure sanyi mai tsanani. Masu dabara kan sa makunnin yanke wuta a kan wayar jiki, su kuma zaro 'yar wayar caji daga ramin zuwa ƙarƙashin kujera, don kada sai an naɗe shimfiɗa an ɗaga murfi kowane lokaci. Cajar dai dole ta kasance mai bolt 6, ko mai makunnin zaɓi da aka tabbatar an murɗa shi kan 6. Yawancin cajojin da ke kasuwa yau na bolt 12 ne zalla: masu wayon cikinsu za su ɗauka mataccen batir aka jona musu su ƙi aiki, marasa wayon kuma su tafasa shi kafin gari ya waye.